Ki Kula da Kunnenki, Rahila

Narayi, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai kiyaye matafiya. Ina fata takardar nan ta same ki zaune lafiya a mota, ba a matse ki da buhun wani ba. Na ce wa mamanki kada ta miƙa miki ita sai kin shiga mota a Gonin Gora, don na san in kin karanta a gida za ki fara ba ni amsa tun ba ki kai rabi ba. Allah ya tsare hanyar Abuja, ya raba direbanku da barci da gaggawa, ya sauke ki wurin sabon aikinki tun da sauran rana.

Na zaɓi rubutu ne saboda ke da mamanki kun haɗa baki kun ce in ina magana faɗa nake yi. Ni dai a wurina magana nake yi kamar kowa. To, takarda ba ta da murya, yau babu wanda zai ce na yi ihu.

Labarin gida ba zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Maganar kunnenki zan yi. Mutanen situdiyon ɗaukar waƙan nan na Abuja sun karanta abin da kike rubutawa a intanet game da albam-albam na kiɗan metal da rok na Japan, suka ce mai jin kiɗa haka za ta iya haɗa musu sauti. Wato kunnenki suka ɗauka aiki, sauran jikin rakiya kawai zai yi. Kuma saura ƙiris ki tafi musu da kunnen da ya lalace, alhali muna kwana muna tashi a gida ɗaya. Tun da aka tsira nake barci har da munshari, in ji mamanki, kuma tuwo ya dawo da ɗanɗanonsa.

Bari in fara da nawa kunnen. Lokacin da aka ɗauke ni aiki a masaƙa a Kakuri ban kai shekarunki ba. Ranar farko aka ba kowane sabon ma'aikaci 'yan robobi na toshe kunne, aka ce kada a shiga ɗakin saƙa babu su. Na sa nawa na shiga. Duk kiɗanki, Rahila, ba ki taɓa jin ƙara irin ta ɗakin nan ba. Injuna ne layi-layi, ƙasa tana rawa, haƙoranka suna karo da juna. Amma abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin ma'aikata da suke nuna ni da baki suna dariya. A wurinsu mai toshe kunne bai zama masaƙi ba tukuna, amarya suke ce masa. Shugaban layinmu, Malam Danladi, ya zo ya zare roba ɗaya daga kunnena, ya kafa bakinsa a wurin ya ce, "Yaro, da kunne ake gane zare ya tsinke. In ka toshe, da me za ka ji?" Ban daɗe ba na jefa su a kwata, aka daina kirana amarya, na yi ta jin kaina.

Muka koyi magana da hannu da duban leɓe. In an tashi aiki mu fito bakin titi muna hira da ihu, masu sayar da rake su ɗauka rigima ce. Kunne ya yi ta tsuwwa har gida, mu ce alamar an yi aiki ce. Malam Danladi, kafin ya rasu, sai an taɓa kafaɗarsa yake sanin an shigo ɗaki. Ni kuwa na ɗauka na fita da sauƙi, na hagu ne kawai ya ɗan yi nauyi.

Inda za ki ma akwai irin Malam Danladi, sai dai su matsattsen wando suke sawa. Za su ƙure sifika su ce sai haka ake jin bes, wato kaurin sautin nan mai girgiza ƙirji, za su yi miki dariya in sun ga kin toshe kunne a wurin wasan kiɗa. Bar su su yi. Dariyar ba ta daɗewa, da an sami wani sabo za a koma kansa. Robobin toshe kunnen da likita ya ce ki riƙa sawa suna aljihun gefe na jakarki, ni na saka su da hannuna, kuma na ƙara wasu a cikin takalminki na zuwa coci don na san halinki da ɓatar da abu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, don ke ya shafa. Ranar da na fara jin kiɗanki daga ɗaki, na fita na leƙa shagon Oga Chidi mai gyaran janareto, ina tsammanin wani inji ne ya kama da wuta. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, ba daga nan ba ne, daga gidanka ne. Nawa ba su kai haka ba." Na dawo na tarar da ke kina wanke-wanke kina kaɗa kai, wani ƙato yana gurnani a cikin sifika. Ban tsaya na ji ko rabin waƙa ba. Na ce wannan kiran aljanu ne, ba a gidana ba. Kika ce, "To, Baba," kika kashe. Na tafi ina yaba wa kaina, na ce yarinyar nan tana da ladabi.

Ashe ba kashewa na yi ba, tura shi na yi cikin kunnenki. Daga ranar kika koma iyafis. Da shi kike shara, da shi kike hawa keke-napep zuwa Sabon Tasha, kuma don ki rufe ƙarar titi sai ki ƙure shi. Da na bar sifikar nan a tsakar gida, da iska ta kwashe rabin ƙarar, maƙwabta kuma da sun tilasta miki ragewa. Gida ya yi tsit, ni kuma na ɗauka an gama. Wata rana za ki shugabanci mutane, ko ki haifi naki. In kin hana abu, ki bi sawunsa ki ga inda ya koma.

Sai aka zo kan rashin amsa kira. Kin san gidanmu. Mahaifina kira ɗaya yake yi, kuma haka na tashe ki, in na ce Rahila a ce na'am Baba tun ban rufe baki ba. Bayan wasan kiɗan nan da kuka je da ƙawayenki, wanda kika tsaya dab da manyan sifikoki, sai na fara kira ina jin shiru. In kira daga shagona na ƙofar gida, shiru. In shigo in same ki tsaye kin ba ni baya, ko iyafis babu a kunnenki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na ga yadda kunnen abokan aikina ya mutu ɗaya bayan ɗaya, ko sau ɗaya ciwo bai zo mini a rai ba. Raini na gani. Na ce kiɗan nan ya gama shiga kanta, yanzu ubanta ma ba ta gani da gashi. Na ƙara wa addu'ar safe tsawo, ina roƙon Allah ya karya taurin kan 'ya'yan zamani, kuma duk wanda yake ɗakin ya san 'ya ɗaya gare ni.

Mamanki ce ta gano. Ta lura in waya ta shigo kina sa ta a kunnen hagu, sai ki yi sauri ki mayar dama. Ta ja ki kicin ta tsare ki, kika fashe da kuka. Daga baya ta maimaita mini abin da kika ce, ba ta rage ko kalma ba: "Mama, tun ranar wasan nan kunnena yake tsuwwa, kamar an cusa mini auduga. Don Allah kada ki gaya wa Baba, zai ce ga abin da ya faɗa." Ga takardar ɗaukar aiki ta riga ta zo, ke kuma kina ɓoye ciwon da zai iya raba ki da aikin, don kada in yi nasara a gardama. Wannan maganar ta yi mini ciwo, kuma ban ga laifinki ba, don da kin gaya mini da farko abin da zan ce ke nan.

Ki ji ni da kyau a nan. A Abuja babu mamanki da za ta lura da hannun da kike riƙe waya. In wani abu ya same ki, ko a jiki ko a wurin aiki, ki faɗa da wuri, ko da wanda za ki gaya wa zai ce ai na gaya miki. Ya faɗa ɗin, ba ta kisa. Ni dai na ajiye wannan kalmar, ba za ki ƙara jin ta a bakina ba.

Kin tuna ranar asibiti. Oga Chidi ya rufe shagonsa ya kai mu da motarsa, duk hanya yana ba ki labarin ƙaninsa da ya warke, mamanki tana ta amin. Likita ya wanke dauɗar da iyafis ya tura ciki, ya sa ki a ɗan ɗakin nan kina ɗaga hannu in kin ji sauti. Da ya fito ya ce kunnen ya gaji, watakila ya dawo, watakila ba duka ba. Ya ce babu kiɗa, babu iyafis, babu hayaniya, sai kin koma ya sake aunawa. Na tambaye shi ko akwai allura. Ya ce, "Baba, maganinsa shiru da haƙuri." Na dubi mamanki, don duka biyun ba mu da su a gidanmu.

Makonnin nan na ga yadda kika koma. Kina zaune a baranda kina kallon kaji, sababbin albam suna ta fitowa, masu karanta rubutunki suna tambayar ina kika shiga. Shi ya sa na ce ki ba ni sifikar in kai bayan shago, in saurara in zo in ba ki labari, tunda nawa kunnen ya riga ya sha wuyarsa. Kika dube ni kamar na ce zan shiga gasar rawa. To, tunda ba ki yarda kin sa ra'ayina a shafinki ba, ga shi a rubuce, ki ajiye.

Albam ɗin Turawan nan masu gemu daga ƙasar sanyi, mai hoton busasshen itace. Mai gangarsu ya iya aiki. Da ya saki ƙafafunsa biyu a kan babbar ganga na rufe ido, sai ga ni a ɗakin saƙa, har ƙurar auduga na ji a hanci. Ban san ina kewar wurin nan ba sai ranar, na zauna a kan kwalin sabulu na kasa tashi. Amma albam ɗin ya yi tsawo. Waƙoƙin tsakiya duk yadi ɗaya ne aka yanka aka sake wa suna. Ta ƙarshe ce ta fi, wadda suka rage gudu suka bar jita ta yi kukanta. Mawaƙin kuwa ina nan kan bakana, yana bukatar zuma da citta. Sai dai da kika karanta mini fassarar, kika ce yana kuka ne don mahaifiyarsa ta tsufa ta manta sunansa, sai kunya ta kama ni. Irin wannan gurnanin na kira kiran aljanu.

Na 'yan matan Japan ɗin nan kuma, a nan kika kayar da ni. Na shigo na rantse miki cewa gangar inji ce, na ce na yi rabin rayuwata da inji, hannun mutum ba ya tafiya haka babu tuntuɓe. Kika ɗauko waya kika cire sautin kika nuna mini. Ga wata 'yar mitsitsiya, ba ta kai mamanki tsawo ba, tana dukan ganguna tana murmushi kamar tana tankaɗe gari. Ranar kika fara dariya tun dawowarmu daga asibiti, don haka ban ji haushin faɗuwar ba. Duk da haka, tsohon albam ɗinsu da kika ba ni don in gwada ya fi mini sabon. A tsohon da yunwarsu suke kiɗa. Sabon an goge shi an sake gogewa, ya yi kyau, amma ba inda zai kama ka. Waƙa ɗaya ce na ware, wadda mai bes take gaba sauran suna bin ta.

Sai na samarin nan uku da kika fi so. Ranar farko na ce miki ba su da alƙibla. Mutum bai gama zama a cikin waƙa ba sun tashe shi, ka fara buga ƙafa sun canza hanya. Na ce kada ki ɓata tawadarki a kansu. Amma na koma na sake ji ba da saninki ba, don in tara hujja. Sai ga ni ina auna wa wata 'yar zumuntar mata ta coci shinkafa ina rera waƙarsu ta tsakiya. Ta ce, "Baba, wannan lamba nawa ce a littafin waƙoƙi?" Na ce sabuwa ce, ba ta iso cocinmu ba tukuna. Don haka na janye rabin abin da na faɗa a kansu. Ɗaya rabin yana nan, su riƙa barin mutum ya huta.

A nan akwai abin da nake so ki ɗauka. Na karanta wani rubutunki na bara inda kika kira albam ɗin wasu shara, kika ce ko kyauta aka ba ki ba ki so. Da na gani na gane bakin, nawa ne kika gada. Waɗancan suna can ƙetaren teku, ba za su taɓa sani ba. Amma a situdiyo mai waƙar yana zaune kusa da ke, watakila ya sayar da babur ɗinsa kafin ya zo. Ban ce ki yi ƙarya ba, in abu bai yi ba ki ce bai yi ba. Ki dai ji shi har ƙarshe, ki kwana, ki sake ji, sannan ki faɗi inda ya gaza da inda ya yi. Kuma ki tambayi na kusa da ke abin da shi ya ji. Da kika warke kika saurari na 'yan matan nan, kin ce mini, "Baba, ba ka ce komai ba kan gogen da ke waƙa ta biyu." Na ce wane goge? Na ɗauka tsokanata kike yi, har na ce ki bar wasa da manya.

Sauran ƙananan abubuwa mamanki ta riga ta cika miki kunne da su. Ki nemi coci, ki ci abinci mai zafi, kada ki hau motar da ba ta tasha ba. Ni ƙari ɗaya gare ni. In kin yini a cikin sauti, ki dawo gida ki zauna shiru, ko da ɗakin ya yi miki faɗi. Kewa za ta sa ki nemi iyafis. Gara ki fita ki gaida maƙwabta.

Ranar da muka koma asibiti, aka sake sa ki a ɗan ɗakin nan. Ina leƙenki ta gilashi kina ɗaga hannu, kina saukewa, kina ɗagawa, ni ban san ko daidai kike yi ba. Likita ya fito da fara'a ya ce kunnen ya dawo, sai ɗan abin da ba a rasa ba a na hagu, wanda ba zai hana ki aiki ba in kin kiyaye. Mamanki ta durƙusa a nan tsakiyar ofis tana godiya ga Allah. Ni ma na ce na gode, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na saba ganin takarda ta ce lafiya, jiki ya ce wani abu dabam.

Don haka shekaranjiya da safe na yi nawa gwajin. Ba ki sani ba. Kina ɗaki kina ninke kaya, ni ina baranda, mamanki tana tsince wake a gefena. Na rage murya iya ƙarfina na ce, "Rahila." Na kasa kunne. Shiru. Na ɗan ɗaga na sake kira. Shiru. Na ce shi ke nan, likita ya lallashe mu ne, yarinyar nan za ta je garin mutane da rabin kunne, kuma ni na jawo. Na buɗe baki zan kira na uku, sai mamanki ta daka mini duka a cinya.

Ta ce, "Baban Rahila, ka bar wahalar da yarinya. Tun kiran farko ta ce na'am."

Na ce, "Ta amsa?"

Ta ce, "Ta amsa, ta sake amsawa. Ga ta nan ma tana tambaya ko ruwa kake so." Ta mayar da kai kan wakenta, can ta ƙara da cewa, "Ko a wancan lokacin da kake ta faɗan raini, ba duka ne ba ta ji ba. Sau da yawa tana amsawa. Na gaya maka, ka ce goyon bayanta nake yi."

Kika fito da kofin ruwa kika same ni ina dariya ina share ido, kika ce lafiya? Na ce tari ne. Ba tari ba ne. Kin ji raɗa daga baranda, ta bayan ƙofa, fanka tana juyawa. Shiru ɗin da na ji nawa ne, ba naki ba. Tun da nake ban taɓa murna da mugun labari irin ta ranar ba.

Na yarda zan koma wurin likitan nan a auna ni, mamanki ta riga ta sa rana. In kin kira waya kika ji ina ta cewa me kika ce, kada ki gaji, ki maimaita. In albam ya fito kuma ki turo mini, zan ji gangar da bes in ba ki ra'ayina. Ke kuma ki rubuto mini abin da ke sama da su, gogen da sauransu, don yanzu na yarda suna nan.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya ba ki masauki mai kwanciyar hankali da abokan aiki masu tsoron Allah, ya tsare miki kunnuwan nan biyu har ki ji muryar jikokinki ba tare da an maimaita miki ba. In kin sauka ki kira mamanki, ita za ta ji ƙarar wayar.

Ni ne,
Babanki.